Taswirar da Ƙasar Mashi Take Buƙata

Duk wanda ya bi hanyar da ta tashi daga birnin Katsina zuwa Daura, ya ratsa ta Mashi, zai ɗauka ƙasar wajen shimfiɗe take kamar faifai, babu hawa babu gangara, sai gonakin gero da dawa da wake, da itatuwan gawo da kuka da darbejiya jefi-jefi. Ganin mai mota ke nan. Manomin da ya gaji gona a wurin, da makiyayin da ke ratsa ƙasar sau biyu a shekara, sun san akwai sauran magana. Sun san inda jigawa ta ƙare fadama ta fara, sun san kwarin da ruwa ke kwanciya a cikinsa har bayan kaka, da kwazazzabon da ke cin gefen gona kowace damina, da mashigin da shanu ke iya ƙetarewa idan rafi ya kawo. Wannan sani a cikin kawunan mutane yake. Kaɗan ne daga cikinsa ya hau takarda, kuma takardar da ya hau ɗin ta tsufa ƙwarai. Ra'ayin da za a kare a nan shi ne, ƙasar Mashi da maƙwabtanta suna buƙatar sabuwar taswirar tudu da kwari, wadda za a taka ƙasa a yi ta tare da mutanen wurin, ta nuna burtali da mashaya da makiyaya, ta kuma kira kowane wuri da sunansa bisa ƙa'idar rubutun Hausa. Aikin na 'yan safiyo ne, amma malamin Hausa yana da nasa kason a ciki.

Taswirar tudu da kwari ta bambanta da wadda ake ratayawa a bangon aji mai nuna jihohi da manyan birane. Ita wannan siffar ƙasa take nunawa, wato inda ta tashi da inda ta faɗa. Tana yin haka ne da wasu siraran layuka da ake kira layukan tsayi: kowane layi yana bin wuraren da tsayinsu daga doron teku ɗaya ne. Idan layukan suka matsu da juna, gangaren yana da tsanani. Idan suka yi nesa da juna, ƙasar kwance take. Wanda ya iya karanta su zai faɗi inda ruwan sama zai bi da inda zai taru tun bai ga wurin da idonsa ba. Daga nan ne ake sanin inda ya dace a sa kwalbati, da inda gina aji zai zama asara, da inda ƙaramar madatsa za ta riƙe ruwa har bazara.

An daɗe ana zana wannan yanki, sai dai kowane mai zane da abin da ya kawo shi. Bajamushen nan Heinrich Barth, wanda ya yi tafiyarsa da sunan Abdulkarim, ya biyo ta Tasawa da Gazawa ya shigo Katsina a farkon shekarar 1851, yana rubuta sunayen garuruwa da nisan zango zuwa zango, domin hanyoyin fatauci ne suka dame shi. Bayansa sai masu yanka iyaka. Tsakanin 1906 da 1908 wata tawagar haɗin gwiwa, ƙarƙashin Kyaftin Tilho na Faransa da Manjo O'Shee na Ingila, ta kafa turaku 148 daga kogin Kwara zuwa tafkin Chadi, kuma layin da suka ja shi ne har yau ya raba arewacin ƙaramar hukumar Mashi da Jamhuriyar Nijar. Su kuwa malaman taki na farkon mulkin mallaka, da suka riƙa auna gonaki da takun ƙafa, haraji suka fito nema. Cikakkiyar taswirar siffar ƙasa ba ta samu ba sai da aka fara ɗaukar hoto daga jirgin sama a shekarun 1950 da 1960, inda ma'aikatar safiyo ta tarayya da ta Jihar Arewa, da taimakon hukumar safiyon ƙasashen ƙetare ta Ingila, suka fitar da taswirori masu ma'aunin 1:50,000. Aiki ne na ƙwarai a zamaninsa, kuma bai kamata a raina shi ba. Amma akasarin waɗannan shafuka ba a sake sabunta su ba, alhali jihar Katsina kanta sai a 1987 aka ƙirƙiro ta. Ƙidayar 2006 ta ba ƙaramar hukumar Mashi mutum sama da 170,000 a kan ƙasa mai faɗin kimanin murabba'in kilomita 900. Dajin da hoton jirgi ya ɗauka shekara sittin da suka wuce, yau galibinsa gona ne ko unguwa.

Tsufa kaɗai ba shi ne aibin tsohuwar taswirar ba. Ko ran da aka buga ta, idonta bai kai ga abubuwan da rayuwar karkara ta rataya a kansu ba, kuma ɗan lissafi kaɗan zai nuna dalili. A ma'aunin 1:50,000, santimita 1 a takarda yana wakiltar mita 500 a ƙasa, milimita 1 kuwa mita 50. Ke nan burtali mai faɗin mita 30 bai kai milimita ɗaya ba, kaurin bakin fensir ya isa ya haɗiye shi. Shafi guda yana ɗauke da ƙasa mai kimanin kilomita 27 tsawo da kilomita 27 faɗi, saboda haka dole mai zane ya zaɓi abin da zai sa da abin da zai bari, kuma hanyar mota ta fi hanyar shanu shiga idonsa. Sai kuma maganar layukan tsayi. A yawancin shafukan da aka yi wa layukan, tazarar da ke tsakanin layi da layi ƙafa 50 ce, wato kimanin mita 15. A ƙasa mai duwatsu irin ta Filato wannan tazara ta wadatar. A nan kuwa, inda birnin Katsina yake kan tsayin kimanin mita 500 kuma ƙasa take gangarawa arewa sannu a hankali, mutum zai yi tafiyar kilomitoci bai ƙetare layi ko ɗaya ba. Kwazazzabo mai zurfin gaba biyu, wanda ya isa ya raba ƙauye da kasuwa wata uku, sai ya faɗa tsakanin layi da layi, ya ɓace. Bambancin tsayi tsakanin jigawa da fadama sau da yawa bai wuce 'yan mitoci ba, amma a kan waɗannan 'yan mitocin ne ake sanin gonar gero da gonar albasa, a kansu ne kuma ake faɗa.

Faɗan da ake magana ba ɓoyayye ba ne. Idan damina ta faɗi, garkuna sukan haura arewa su bar gonaki. Idan an yi kaka su gangaro neman kara da harawa da ruwa. Dabbobin Nijar ma sukan shigo da rani. Hanyoyin da suke bi, wato labi da burtali, da wuraren da suke sauka da waɗanda suke shan ruwa, da can kowa ya san su, kuma dagaci da sarkin Fulani su ne shaidu. Yanzu gona tana ƙara kunya ɗaya wannan shekara, ta ƙara biyu baɗi, har burtalin da garke biyu ke giftawa a cikinsa ya koma sai akuya. Daga farkon shekarun 1990 kuma, shirin bunƙasa fadama ya yaɗa injinan ban-ruwa da ƙananan rijiyoyin burtsatse, lambuna suka cika bakin rafuka. Alheri ne ga manomi, babu ja a kan haka, amma sau da yawa shingen lambu a kan hanyar mashaya ya zauna. Idan saniya ta faɗa lambu aka je gaban alƙali, mai lambu zai ce gonar kakansa ce, mai shanu ya ce hanyar kakansa ce, kuma mai yiwuwa dukansu gaskiya suka faɗa, domin wurin gona ne da damina, hanya ce da rani. Tsofaffin da za su raba gardamar sun ƙare ko suna ƙarewa, takarda kuwa babu.

Doka ba ta yi shiru ba. Gwamnatin Jihar Arewa ta yi dokar keɓe makiyaya tun 1965, amma daga cikin makiyayai sama da 400 da ake lissafawa a Nijeriya, kimanin kashi ɗaya cikin uku ne kawai aka kammala ayyanawa a hukumance. Dokar mallakar ƙasa ta 1978 ta ba ƙaramar hukuma ikon bayar da izinin amfani da ƙasar karkara, har hekta 500 domin noma da hekta 5,000 domin kiwo, ba tare da neman amincewar gwamna ba. Wannan babban iko ne, kuma hukumar da ke rabon ƙasa ba tare da taswira ba, laluben duhu take yi, ko da niyyarta ta alheri ce. Abin da ya auku a yammacin jihar, a ƙasashen da ke gefen dajin Rugu, dalilansa suna da yawa, kuma kuskure ne a jingina shi ga abu ɗaya. Sai dai ƙuncin wurin kiwo yana cikin abubuwan da masu nazari suke ambatawa. Rigakafi, in ji Hausawa, ya fi magani.

Akwai abin koyi a wata ƙasar kiwo mai nisa. A yammacin Amurka akwai faffaɗan tudu mai ƙarancin ruwan sama, wanda koguna irin su Misuri suka tsattsaga shi suka bar kwazazzabai masu zurfi, musamman a jihar Montana. Gwamnatin ƙasar ta auna filayenta ne da layuka miƙaƙƙu, ta yanka su murabba'i-murabba'i, kuma dokar 1862 ta ba kowane mai son zama eka 160. A 1878 wani masani mai suna John Wesley Powell ya gabatar da rahoto yana cewa wannan tsari bai dace da busasshiyar ƙasa ba. Ya nemi a fara sanin inda ruwa yake da inda yake gangarawa, a yanka filaye ta yadda kowane makiyayi zai sami hanyar zuwa ruwa, a kuma ba gidan kiwo eka 2,560. Majalisa ba ta karɓi shawararsa ba, sakamakon haka wanda ya riga ya kama bakin ruwa sai ya mallaki amfanin duk filin da ke bayansa. Daga baya Powell ya shugabanci hukumar binciken ƙasa ta Amurka, wadda aka kafa a 1879, ya kuma tsayar da shirin zana tudu da kwarin ƙasar baki ɗaya, aikin da ya ci sama da shekara ɗari. Ba ana cewa a kwaikwayi gidajen kiwon Amurka a Mashi ba ne; ƙasar da tun a ƙidayar 2006 mutum kusan 200 ke zaune a kowane murabba'in kilomita ba ta da filin yin haka. Abin ɗauka shi ne, a busasshiyar ƙasa hanyar ruwa ake fara aunawa kafin a ja iyaka.

Ruwan wannan yanki ma bai san iyakar Tilho da O'Shee ba. Kogin Gada yana tasowa daga ƙasar Katsina, ya bi ta madatsar Jibiya, ya shiga Nijar ya zama Gulbin Maraɗi, sannan ya dawo Nijeriya ya haɗu da Rima. Kogin Tagwai, wanda aka gina madatsar Ajiwa a kansa, shi ma arewa ya nufa. Dukansu biyu suna cikin kwaruruka huɗu da ƙasashen biyu suka ƙulla yarjejeniyar rabon ruwansu a Maiduguri a 1990. A 1998 kuma ƙungiyar ƙasashen Afirka ta Yamma ta tsara ƙa'idar zirga-zirgar dabbobi tsakanin ƙasashe. A can Nijar, dokar karkara ta 1993 ta kafa kwamitocin ƙasa, kuma a jihar Maraɗi an bi burtalai da yawa an kakkafa musu ginshiƙan siminti hagu da dama bayan zama da manoma da makiyaya. Ginshiƙan ba su kashe rigima gaba ɗaya ba, amma sun ba mai shari'a abin nunawa da yatsa. Abin takaici ne garke ya taho cikin hanya mai alama, ya ƙetare iyaka, ya tarar hanyar ta narke cikin gonar gyaɗa.

Wani zai ce zamani ya riga ya warware matsalar, tunda kowane saurayi yana riƙe da wayar da ke nuna hoton rufin gidansu daga sama. Akwai ƙamshin gaskiya a nan. A watan Fabrairun 2000 wani kumbon Amurka ya yi kwana 11 yana auna tsayin akasarin doron duniya, kuma bayanan, waɗanda suke ba da tsayi a kowace tazarar kimanin mita 30, kyauta ake samunsu. Nijeriya ta harba tauraronta na farko mai ɗaukar hoton ƙasa a 2003, ta ƙara biyu a 2011. Waɗannan kayan aiki sun rage kuɗi da wahalar zana taswira matuƙa, kuma wannan ma hujja ce ta cewa uzurin rashin kuɗi ya raunana. Amma hoto hoto ne. Yana nuna fili babu shuka, ba ya faɗin ko saura ce da mai ita ya bari ta huta, ko hurumin gari ne, ko maƙabarta, ko masauƙin Fulani. Hoton da aka ɗauka a watan Maris zai nuna rafi a matsayin zirin yashi, ba zai faɗi iyakar da ruwa ke kaiwa a watan Agusta ba. Har ila yau, tsofaffin taswirorin Nijeriya an ɗora lissafinsu ne a kan wata madogara da ke kusa da Minna, ita kuwa waya da madogarar duniya take aiki, kuma tsakanin biyun akwai tazarar gomman mitoci. Wanda ya ɗora wannan a kan wancan ba tare da gyara ba, sai ya tura burtali sukutum cikin gonar wani, ya kuma rantse na'ura ce ta faɗa.

Abin da na'ura ba ta iya ɗaukowa daga sama shi ne suna, kuma a nan ne maganar ta iso ƙofar malamin Hausa. Bahaushe bai bar siffar ƙasa ba suna ba. Ya raba tudu da jigawa, ya raba fako da ƙeƙuwa da marmara, ya raba kwari da fadama da kwazazzabo. Ruwa mai gudu kansa hawa-hawa ne: ƙorama, rafi, kogi, gulbi, mai kwanciya kuma akwai tafki akwai kududdufi. Waɗannan kalmomi sun fi layin ƙafa 50 ganin ƙananan bambance-bambance, domin an ƙirƙire su ne daidai da wannan ƙasa. Sunayen garuruwa ma bayani ne a dunƙule. Ɓaure da Mai'aduwa sunayen itatuwa suke ɗauke da su, Zango yana tuna masaukin ayari, Dutsi ya faɗi abin da ke wurin. Idan aka tarar da gona ana kiranta da sunan labi ko mashaya, ko wata unguwa da ta fara da kufai ko ruga ko rijiya, to an sami shaidar abin da wurin yake a da, shaidar da ba ta karɓar toshiya. Marigayi Dakta Yusufu Bala Usman, a littafinsa na 1981 kan sauye-sauyen ƙasar Katsina daga 1400 zuwa 1883, ya nuna irin tarihin da ake iya haƙowa idan aka bi gari-gari ana sauraron mutanensa.

Masu zanen da ba su ji Hausa sosai ba sun yi wa sunayen nan lahani. Tun a shekarun 1930 aka shigo da haruffa masu ƙugiya cikin rubutun boko, amma har yau taswira da allon bakin hanya Kankara suke rubutawa a maimakon Ƙanƙara, Danja a maimakon Ɗanja, Baure a maimakon Ɓaure. A ƙetaren iyaka kuma rubutun Faransanci ya mai da Tasawa da Gazawa wasu kalmomi da ɗan firamaren Mashi ba zai gane su ba. Wannan ba ƙaramin abu ba ne, domin sunan da aka rubuta ba daidai ba ma'anarsa takan ɓace, idan ma'ana ta ɓace kuwa shaidar ta tafi. Ɗan safiyo ya san kusurwa da nisa. Sanin inda ƙugiya take da inda ake raba kalma, da bambanta karin harshen Katsina da Daura da daidaitacciyar Hausa, horon ɗalibin Hausa ne.

Akwai wani tsoro da ya fi na kuɗi nauyi, kuma ba daidai ba ne a yi watsi da shi. Talaka ya saba ganin cewa duk ranar da aka zo da igiyar awo, wani abu zai fita daga hannunsa. Taswira tana iya zama makamin mai ƙarfi: abin da aka zana fili babu mai shi, gobe sai a yanka wa wani babba. Tana kuma iya daskarar da abin da asalinsa mai motsi ne, ta ce wuri kaza gona ne kawai, alhali al'ada ta ba makiyayi haƙƙin cin karansa bayan girbi, shi kuma manomi ya amfana da takin. Maganin wannan yana cikin yadda za a yi aikin. A zana a bainar jama'a, mai unguwa da sarkin noma da sarkin Fulani da mata masu ɗebo ruwa da itace suna wurin. A tanadi alamar da ke nuna amfanin wuri da damina da amfaninsa da rani. A kafe daftarin a ƙofar dagaci da kasuwa kafin a buga, wanda yake da ja ya zo ya faɗa. Taswirar da aka ƙulle a ofis a babban birni ita ce abar tsoro.

Ɗalibin kwalejin ilimi ba shi da jirgi ba shi da tauraro, amma yana da watannin koyon aikin koyarwa a ƙauye, yana da aji cike da yaran da suka san kowace hanyar kiwo. Zai iya sa kowane yaro ya tambayo kakansa sunayen wurare biyar da ke kewaye da garin, da dalilin kowane suna, da abin da ake yi a wurin da can. A aji a tace rubutunsu, wanda shi kansa darasin ƙa'idojin rubutu ne, a ware na ruwa da na itace da na mutane, sannan a zana garin a ƙasa da tsinke kafin a mayar kan babbar takarda, gabas tana inda alƙibla take kusa, kamar yadda yaran suka saba fuskantar duniya. Idan malamin labarin ƙasa yana kusa, a fita tare da shi bayan ruwan sama a bi sawun ruwa daga harabar makaranta har inda ya faɗa rafi, a sa alama. A rubuta kwanan wata da sunan unguwar da aka ji kowane bayani, domin rafi yana sauya hanya kuma kwazazzabo yana ƙaruwa, wanda zai zo bayan shekara biyar yana buƙatar sanin yaushe aka gani. Kwafi ɗaya ya zauna a makaranta, ɗaya a wajen dagaci, ɗaya kuma a kai sashen kula da filaye na ƙaramar hukuma, inda 'yan safiyo za su same shi ranar da suka zo da na'urorinsu.